Labarin Malam Abdullahi Mai Gwandu da Riƙon Zuciya Cikin Yawan Hidima

Da sunan Allah nike farawa, gare Shi nike neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci zuciya, Ya sanya ta wurin dubanSa ga bawa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda sunka bi su da kyautatawa har ranar sakamako. Allah Ya yarda da Shehu Abdulƙadir Jilani, da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da malamanmu waɗanda munka karɓi wuridi ga hannunsu.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa cikin ɗariƙa, ku sani dalilin rubuta waɗanga warƙoƙi shi ne wani almajiri daga cikinku, mutumin Argungu, ya zaka wurina bayan kaka, ya zauna har mutane sunka watse, kana ya buɗe mini cikinsa. Shina noman shinkafa a fadama, shina da rumfa a kasuwa, tsohuwarsa tana hannunsa, ga iyali, ga marayun wansa, ga waya cikin aljihu wadda ba ta barinsa ko cikin sahu. Ya ce wuridinsa ya koma harshe kaɗai, zuciya tana can wurin bashi da kuɗin taki, kuma ya zama mai saurin fushi da mutanen gidansa. Ya yanke ɗayan biyu: ko shi ajiye wuridi sai ranar da hidima ta ragu, ko shi saki hidimar duka, shi tafi garin da ba a san shi ba shi shiga halwa. Na ce masa shi dakata da duka biyun har in rubuta masa labarin wani bawan Allah wanda kayansa ya fi nasa nauyi, wanda kuma ya gwada hanyar tafiya da ƙafarsa, shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu, ƙanen Shehu, Allah Ya jiƙansa. Ba almajirin nan kaɗai na rubuta ma ba, gama na ji irin kukansa ga ma'aikacin ofis a Birnin Kabi, da masunci, da mai tuƙin mota.

Magana guda tukuna. Cikin sahunmu akwai jikokin waɗanda sunka kai yaƙi, akwai jikokin waɗanda anka kai ma yaƙi, dukanmu alƙibla guda, wuridi guda. Ban ɗauki alƙalami domin tsokanar tsohon miki ba. Waɗancan sun wuce ga Ubangijinsu, hukuncinsu yana gare Shi. Yaƙi zai shigo cikin labarin nan gwargwadon yadda ya zama nauyi bisa wuyan mutumin da nike ba ku labarinsa, ba daɗi.

Fasali cikin tashinsa da karatunsa

An haife shi shekara ta 1180 ta hijira, wadda ta yi daidai da 1766, Shehu ya girme shi da shekara goma sha biyu. Ya karanta Alƙur'ani ga mahaifinsu Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara goma sha uku sai ya koma hannun wansa, ya zama almajirinsa da abokin tafiyarsa, bai rabu da shi ba cikin zama ko tafiya shekaru masu yawa. Ya ɗauki ilmi ga baffanni da kawunnai, ya ɗauka ga Malam Jibirila ɗan Umaru, malamin Shehu, kuma shi da kansa ya jera sunayen malamansa da littattafan da ya karanta ga kowane cikin littafinsa Ida'un Nusuki, wanda ya rubuta a 1812. Mai son sanin yadda ake karatu a ƙasar Hausa a wancan zamani shi duba can.

Abin lura ga wanga karatu, ba na zaune wuri guda ba ne. Shehu shina fita wa'azi, ƙasar Kabi tana cikin wuraren da ya fara zuwa, kana ya yi kamar shekara biyar cikin Zamfara, Abdullahi kuwa shina biye, littafi cikin gafaka, yau nan gobe can. Cikin wannan yawo ya ƙware ga nahawu da sarfu da luga da aruli, har mutane sunka riƙa kiransa Balaraben Sudan. Kadan wani malami ya aiko da suka, shi Shehu ke sanyawa shi amsa. Haka ya faru sa'ad da Malam Mustafa Goni ya aiko da baitoci shina zargin Shehu da barin mata su halarci wa'azi: Abdullahi ne ya mayar da jawabi cikin baitoci, ya nuna barin mata cikin jahilci ya fi muni. Shina saurayi sa'an nan. Tun daga lokacin bai san karatu da babu hidima a gefensa ba, ya saba riƙe allo da hannu ɗaya, igiyar raƙumi da ɗayan. Ɗariƙar Ƙadiriyya kuwa ga Shehu ya same ta, kuma silsilarsu tana haɗuwa da ta Sidi Muhtar Alkunti na Sahara.

Kada wani shi zaci mutum ne mai sanyin hali tun asali. Wanda ya karanta waƙoƙinsa ya san shina da zafin kishin addini, ba shi iya ganin karkata shi yi shiru, baƙin ciki kuma shina kama shi da ƙarfi. Don haka na zaɓe shi. Natsuwar wanda anka haifa da sanyin rai kyauta ce, ba ta koyar da mai zafi komi. Tasa kuwa nema ya yi har ya samu.

Fasali cikin shekarun takobi

A watan Zulƙida 1218, wato Fabrairu 1804, jama'a ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu, bayan fitinar da ta taso kan mutanen Gimbana, garin Malam Abdussalami cikin ƙasar Kabi. Da anka tashi yi ma Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Ya zama wazirinsa. Bayan wata huɗu, a Yuni 1804, shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto, inda anka karya Yunfa Sarkin Gobir. Shekararsa talatin da takwas. Malamin nahawu ya wayi gari shi ne mai tsara sahun yaƙi, shi ne mai rabon ganima bisa shari'a, shi ne mai amsa fatawa, shi ne kuma mai rubuta abin da ya gudana.

Nasara ba ta daɗe ba. Ƙarshen shekarar anka yi Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda jama'a ta rasa kamar mutum 2000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kamar 200. Ku tsaya nan kaɗan, ya 'yan'uwa. Waɗanga su ne abokan karatunsa, waɗanda sunka zauna tabarma guda a Degel. Ga yunwa kuma ta kama jama'a cikin Zamfara. Daga can ya fito da runduna, shi da Aliyu Jedo, sunka nufo yamma, a watan Muharram 1220, wato Afrilu 1805, anka ci Birnin Kabi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da mutanensa, anka naɗa Usman Masa a madadinsa. Cikin wannan shekara jama'a ta taso ta zauna Gwandu.

Kafin shekarar ta fita sai ga Alwasa, wurin da ke tsakanin Birnin Kabi da Argungu, wanda da yawa cikinku kuna ratsawa ba ku ko waiwaya. Can taron Gobirawa da Azbinawa da Kabawa sunka karya jama'a, Usman Masa ya juya, anka rasa kamar mutum 1000, abokan gaba sunka biyo har bakin Gwandu kafin a mayar da su. Abin da ya fi rashin nan zafi ga Malam Abdullahi shi ne abin da ya gani cikin rundunarsa tun kafin a gamu: mutane sun faɗa ma garin da ke cikin amana domin kwaɗayin dukiya, shi da Muhammadu Bello sunka hana ba a ji ba. Mutum shina iya jure maƙiyi a gabansa. Wanda ke bayanka, shina kabbara tare da kai, zuciyarsa kuwa tana ga ganima, wannan shi ke karya ƙashin baya.

Fasali cikin tafiyarsa Kano

Nan ne zuciyar labarin, ya kai ɗana mai son tafiya, sai ka karanta a hankali.

Shekara ta huɗu bayan hijira, 1222, wato 1807, runduna ta fita za ta Alƙalawa, shina cikinta. Ya duba dama da hauni, ya ga mafi yawan waɗanda sunka fara al'amarin domin Allah sun riga shi kabari, ya ga waɗanda sunka maye wurinsu himmarsu tana ga sarauta da tufafi da dawaki da tara dukiya. Ya ji tsoron kada shi ma ruwan shi ci shi. Sai ya bar runduna, ya bar wazirci, ya bar gida da dangi, ya fuskanci gabas da mutane kaɗan, nufinsa Makka da Madina, shi zauna kusa da kabarin Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, har mutuwa ta same shi. Shi da kansa ya ba da wanga labari cikin Tazyinul Waraƙati, bai ɓoye ba. Shekararsa arba'in da ɗaya.

Ban ga laifinsa ba cikin niyyar nan, kuma ba shi ya fara ba. Imamu Gazali, Allah Ya jiƙansa, shina shugaban karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗaruruwan almajirai a gabansa, sarakuna suna girmama shi, ya ga niyyarsa ta gauraya da son suna har harshensa ya ɗaure ya kasa karantarwa. Ya fita a shekara ta 488, wato 1095, da sunan za shi hajji, ya yi Sham da Ƙudus da Hijaz. Amma shi ma a 499, wato 1106, ya komo ga karantarwa a Naisabur. Manya suna gudu, ba ƙarya ba ne. Sai dai a duba inda gudun ya kai su.

Na Malam Abdullahi bai wuce Kano ba. Ya iso zamanin Sarki Sulaimanu, garin bai daɗe da shiga hannun jama'a ba, ya tarar da abin da ya baro a yamma shina nan ya riga shi isowa: sabani tsakanin manya, son duniya, mutane sun karɓi mulki ba su san hukuncinsa ba. Mutanen Kano sunka riƙe shi, sunka roƙe shi shi koya musu yadda ake tsayar da shari'a. Wanda ya gudo daga mulki sai ga shi zaune shina rubuta littafin mulki, shi ne Liya'ul Hukkami, cikinsa akwai hukuncin hijira, da naɗa shugaba da mataimakansa, da jihadi, da siyasar shari'a. Ya kuma zauna musu tafsirin Alƙur'ani. Bayan wannan ya juya ya komo yamma wurin wansa. Bai taka Makka ba har ya bar duniya.

Ni abin da na fahimta ga wannan, Allah ne Masani, abu biyu ne a cuɗe. Na fari, abin da ke dagula zuciya ba shi da gari. Mai gudunsa shina ɗauke da shi cikin gafakarsa, kuma duk inda mutane suke akwai shi. Na biyun, wanda Allah Ya ɗora ma haƙƙin mutane, haƙƙin nan shina gane fuskarsa ko ya canza gari. Malami ne, jahilci ya tare shi a Kano kamar yadda ya tare shi a Gwandu, ba shi da ikon cewa bai gani ba. Ni kaina na ɗanɗana ɗan ƙaramin wannan. Wata shekara makaranta ta yi mini yawa, ga rigimar gado tsakanin dangi an jibga mini, na naɗe buzuna na tafi wani ƙauye bakin gulbi da nufin kwana arba'in ba mai ganina. Ban cika kwana uku ba sai ga yara da alluna a ƙofar bukka, bayansu ga mutum biyu suna jayayya kan iyakar gona. Na yi dariya, na yi istigfari, na koma gida. Rigimar gadon tana nan inda na bar ta, ta ƙara tsami saboda rashina.

Halwa gaskiya ce, tana cikin hanyar mutanen Allah, amma da izinin shehu, da adadin kwana, da barin abin da iyali za su ci. Wanda ya bar tsohuwa da marayu babu mai ɗauka, ya ce ya tafi neman Allah, to shi binciki ransa da kyau, sau da yawa hutu yake nema ya sanya masa rawani.

Fasali cikin zamansa Boɗinga da rubuce-rubucensa

Da ya komo hidima ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Shehu ya koma Sifawa, Bello ya gina Sakkwato a 1809, shi kuwa ya zauna Boɗinga. Ya kai yaƙi har ƙetaren Kwara. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi, wato Kabi da abin da ke bayanta, har Nupe da Dandi da Gurma. Ku auna wannan: ƙasar da ba ta gama kwantawa ba, manzanni suna shiga suna fita, alƙalai suna jiran amsa, masu ƙara a ƙofa, almajirai a zaure.

To, ku dubi shekarun littattafansa ku gani. Ida'un Nusuki a 1812. Tazyinul Waraƙati a 1813, inda ya tara waƙoƙinsa ya bayyana dalilin kowace. A 1231, wato wajen 1816, ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, wanda anka buga a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu, har yau malamai suna buɗe shi a tafsirin azumi. Shina da Bahrul Muhiti cikin nahawu, baitoci dubbai, da Hisnur Rasini cikin sarfu, da Miftahut Tafsiri. Cikin gyaran zuciya shina da Minanul Mannani, da Sabilun Najati, da Matiyyatuz Zadi, da Tahzibul Insani. Shehu da kansa, cikin Najmul Ikhwani, ya umurci almajirai su lizimci littattafan ƙanensa domin shi ne mai tsare zahirin shari'a.

Duk wanda ya taɓa rubuta ko da shafi guda na tafsiri ya san ba a yinsa da zuciya mai tafasa. Sai ka duba abin da magabata sunka ce, ka auna ƙira'a, ka warware i'irabi, ka tsaya ga aya guda har fitila ta ci mai. Mutumin da ya bi Alƙur'ani haka daga Fatiha har Nasi, alhali rabin daula tana wuyansa, lalle shina da wani ɗaki cikin yininsa da cikin ƙirjinsa wanda manzon sarki ba shi shiga. Bai jira ƙasa ta kwanta kana shi ɗauki alƙalami ba. Da ya jira, da ba mu gaji ko warƙa guda ba, gama ƙasar ba ta kwanta ba har ya mutu. Ni ina ganin ma alƙalamin nan shi ne turken da ya riƙe shi, ba wani ƙarin kaya ba ne bisa kayansa.

Don haka, ya kai mai cewa za ka ajiye wuridi sai hidima ta ragu, wa ya yi maka alkawarin za ta ragu? Bayan shuka sai noma, bayan noma sai yanka, bayan yanka sai biyan bashi, kana ruwa shi sake sauka. Abin da nike umurtarka da shi ƙarami ne. Ka tsare wuridin da anka ba ka bayan asuba, kafin ka taɓa waya, kafin ka yi magana da kowa kan kuɗi, a wuri guda da ka sani. Kada ka ƙara bisa abin da muƙaddami ya ba ka domin zafin himma, ka wayi gari ka kasa. Kadan zuciya ta gudu kasuwa, ka komo da ita ba da faɗa ba, kamar yadda makiyayi ke juyo da tunkiya, ko sau ɗari ne. Komowar nan ita kanta zikiri ce. Wuridin harshe da ka raina ya fi babu, gama harshe ƙofa ne, mai tsayuwa a ƙofa wata rana a buɗe masa.

Fasali cikin ƙofar Sakkwato da abin da ya biyo baya

Jarrabawa mafi girma ta zo masa daga cikin gida. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Jimada Lahir 1232, wato Afrilu 1817. Malam Abdullahi shina Boɗinga. Labarin da ya shahara shi ne ya hau ya nufo Sakkwato, ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi ma Muhammadu Bello mubaya'a. Ku tuna ko wane ne a bakin ƙofar nan: ƙanen Shehu, wazirinsa, farkon mai mubaya'a a Gudu, jagoran Tabkin Kwatto, wanda ba a ja da shi ga ilmi, kuma baffan wanda anka naɗa. Shina da mutane, shina da dawaki, rabin ƙasa tana hannunsa.

Ya juya. Ya tafi Gwandu ya zauna. Ba zan ce muku abin bai yi masa zafi ba, ya yi, an yi shekaru akwai sanyi tsakaninsa da ɗan wansa, kuma cikin shekarar nan ya rubuta Sabilus Salama kan sha'anin imamanci. Amma ya tsaya ga alƙalami, bai zare takobi ba. Dauloli nawa sunka rushe a irin wannan ƙofa? Mai natsuwa ba dutse ba ne da ba shi jin zafi. Shina ji, sai dai zafin ba shi riƙe masa linzami.

Sa'an nan fitina ta tashi. Malam Abdussalami ya yi tawaye a Kware, anka ci shi, ya rasu a farkon 1818. Sauran mutanensa sunka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, sunka ƙi Malam Abdullahi, ya yi ta fama da su bai iya cin garin ba. Wajen 1821 Bello ya zo da runduna ya taimake shi, anka ci Kalambaina. Magabata sun ba mu labarin gamuwarsu: Bello ya yi nufin sauka daga doki domin girmama baffansa, baffan ya hana shi sauka, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Dattijo mai shekara hamsin da biyar, ya sauke haƙƙin da yake ganin nasa ne a gaban runduna biyu. Daga ranar gidan ya zama ɗaya, Sakkwato da Gwandu sunka tafi tare har zuwan Turawa.

Bayan wannan ya yi wani abu wanda ya kamata mai yawan hidima shi duba. Ya miƙa mafi yawan sha'anin mulki da yaƙi ga ɗansa Muhammadu Wani da Buhari ɗan Shehu, mai Tambuwal, shi kuwa ya fuskanci karantarwa da rubutu. Ku bambanta wannan da tafiyarsa ta 1807. Waccan ya saki kaya ne a tsakiyar hanya, babu wanda ya ɗora ma. Wagga kuwa ya zauna inda yake, ya reni masu ɗauka, ya ɗora musu, shina kusa kadan sun bukaci shawara. Abin da ya nema a hanyar Makka bai samu ba, ya same shi cikin Gwandu bayan shekara goma sha huɗu, ta halastacciyar ƙofa. Cikin wannan zama ne, a 1238, wajen 1823, ya rubuta Kifayatu Lu'afa'is Sudan, tafsiri taƙaitacce bisa ruwayar Warshu da mazhabar Maliku, domin ya ga babban tafsirin ya yi ma masu ƙaramin karatu nauyi. Tsoho ne mai tausayin raunana, ya sake bin Alƙur'ani tun daga farko saboda su.

Kai ma, ɗana, ka zauna ka rarrabe kayanka. Akwai wanda Allah Ya ɗora maka da sunanka, kamar tsohuwarka da marayu da iyali, wannan ba a sauke shi. Akwai wanda kai ka ɗora ma kanka domin kada a ce wane ya fi ka, ko domin ba ka yarda kowa shi iya sai kai. Babban ɗan wanka ya isa zaman rumfa, ka koya masa awo da lissafi ka bar masa yini biyu cikin bakwai. Za shi yi kuskure, ka yi haƙuri, kai ma an yi da kai.

Fasali cikin rasuwarsa

Aikin da ya fara a Birnin Kabi a 1805 bai ga ƙarshensa ba. Muhammadu Hodi ya yi ta gwagwarmaya har anka kashe shi a 1826. Ɗan'uwansa Sama'ila Karari ya ɗauka, ya kafa zamansa a Argungu, bai miƙa wuya ba. Ana cikin haka ajali ya zo ma Malam Abdullahi a Gwandu, farkon shekara ta 1245, wato 1829, shina da shekara sittin da biyar ta lissafin wata. Anka binne shi can, hubbarensa shina nan ana ziyara. Ɗansa Muhammadu Wani ya gaje shi, bayansa Ibrahim Halilu.

An kashe Karari a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya sake tayar da tutar Kabi a Argungu a 1849, gaba ta ci gaba, ana yaƙi ana sulhu, har Turawa sunka zo. A farkon zamaninsu anka mayar da kujerar sarautar Gwandu Birnin Kabi, garin da ya ci da yaƙi, inda jikokinsa ke sarauta, kuma tun 1991 shi ne babban birnin jiha. Sai a 1934, shekara 105 bayan rasuwarsa, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka Argungu da ƙafar zumunci, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, anka yi masa su a gulbi domin girmamawa, wanda shi ne asalin bikin kamun kifin da kunka sani a Matan Fada.

Wanda Allah Ya nufa da ziyarar Gwandu cikinku, shi yi sallama ga mai hubbaren da ladabi, shi roƙa masa gafara, shi sanya mu cikin addu'a, mu da iyayenmu da malamanmu, da matattun Kabi da na Gwandu baki ɗaya. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya haskaka kabarinsa, Ya amfane mu da ilminsa.

Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa. Tsira da aminci su tabbata ga Ma'aikinSa.